Ranar da Tumakin Gurbin Bore Suka Zama Raƙuma

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ofishinmu na Kaura Namoda ba, ranar da na jera wa mutane kujeru da kaina, na ɗauko majigi da kaina, na jona shi da kaina, domin kowa ya ga kunyata a bango da manyan haruffa.

A lokacin ina aiki da wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa makiyaya da rigakafin dabbobi a Kaura da Shinkafi da Zurmi. Ma'aikatanmu na ƙauye suna zagayawa da waya suna shigar da dabbobin kowane ruga, bayanin ya zo ofis, likita ya duba ya san wace allura zai ɗauka zuwa ina. Mu biyu ne masu rubuta manhajar: ni da Malama Sa'adatu, wadda ta riga ni zuwa wurin da shekaru, ba ta da yawan magana, kullum ga kofin shayinta a gefe. Shugabanmu Alhaji Mande, tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai haƙuri. Sai Dakta Isa, likitan dabbobi, wanda shi ne mai shan wahalar hanya.

Ni kuwa na dawo ne daga wani kwas na wata uku a Kaduna, kuma na dawo da kai ya fi hulata girma. Na nemi a riƙa ce mini Injiniya. (Ba wanda ya ba ni wannan sunan. Ni na ba kaina, har na sa aka rubuta a ƙofa.)

Manhajar da muke rubuta aikinmu a cikinta ta wani kamfani ce na waje, sai da lasisi ake amfani da ita, kuma ba a ganin cikinta balle a taɓa. Kyakkyawa ce, ga launuka, ga maɓallai ko'ina. Amma wajen adana tarihin aiki, Malama tana amfani da Git, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta da ke rubuta duk canjin da aka yi: wa ya yi, yaushe, me ya cire, me ya ƙara. Matsalar ita ce biyun ba sa magana da juna. In ka gama rubutu a mai launuka, sai ka koma wani baƙin allo ka riƙa buga umarni da hannu. Malama ta saba, yatsunta na gudu a kai. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe baƙin allon nan sai in ji kamar an shigar da ni rijiya.

Ban faɗa wa kowa tsoro nake ji ba. Cewa na yi abin ya tsufa.

"Malama, duniya ta wuce nan," na ce mata wata rana. "Wannan ai aikin zamanin tafireta ne."

Ta ce, "To, Injiniya." Ta ci gaba da aikinta.

Na shafe mako biyu ina haɗa gada tsakanin biyun. Gaskiya na sha wahala, domin kamfanin bai buɗe ƙofa sosai ba, sai wata 'yar kafa da aka bari, ita ma rabin bayaninta babu. Amma daga ƙarshe abin ya yi. Ka gama rubutu, ka danna maɓalli ɗaya, akwati ya fito ka rubuta bayanin abin da ka yi, ka sake dannawa, shi ke nan ya shiga tarihi. Har na ƙara wani maɓalli da na fi alfahari da shi: ka danna shi a kan kowane layi, ya nuna maka sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Na kira Alhaji na nuna masa. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara basira, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin lambar yabo.

Da abu ya yi sauƙi, sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na shiga bin aikin Malama ina gyare-gyare, wuraren da ba wanda ya ce sun lalace. In na ga layi bai yi mini kyau a ido ba, in daidaita, in danna. A akwatin bayani kuwa nakan saki baki yadda na ga dama, don na san Malama ba ta buɗe gadata, kuma ban taɓa tunanin cewa duk abin da ya bi ta gadar, a rumbu ɗaya yake sauka da nata ba. (Eh, ni na gina gadar. Eh, ban yi wannan tunanin ba. Ku bar ni in ci gaba.)

Bayan kamar mako uku, Dakta Isa ya dawo daga Jangeru da la'asar, fuskarsa ba kyau. Ya dire akwatin sanyi a tsakiyar ofis.

"Alhaji, wanga abu ya ishe ni," ya ce. "Takarda ta ce awaki, na ɗauki allurar awaki. Na isa na iske shanu! Mutane sun koro shanu tun asuba, wasu daga bakin iyaka, sun tsaya cikin rana suna jirana. Mi zan ce musu?"

Alhaji ya ce, "Subhanallahi. Ba ko akuya?"

"Akwai 'yan kaɗan, su kuma takarda ta ce shanu ne. Kuma ka dibi na Gurbin Bore da za mu je jibi." Ya miƙa takarda. "Raƙuma! Gari duk raƙuma, tunkiya ɗai-ɗai. Ni haihuwar Zurmi ne, yaushe Gurbin Bore ta koma haka ban ji ba?"

Abin ba na dariya ba ne. Sai da aka yi wata da watanni ana lallashin mutanen Jangeru kafin su yarda a taɓa musu dabbobi, kuma hanyar nan ba wadda mutum ke bi don nishaɗi ba ce, kowa ya san halin da ake ciki. An kai su an baro. Alhaji ya ce gobe da safe a zauna, har da ma'aikatan ƙauye, a gano inda abin ya fito.

Ni fa raina fari ƙal. Na san sashen jerin dabbobi Malama ce ta rubuta shi tun kafin in zo. A zuciyata na ce yau gaskiya za ta yi halinta, yau za a ga bambancin mai kwas da mai baƙin allo. Malama ta zo teburina kafin a tashi ta ce, "Injiniya, in kana da minti biyar, mu duba abin nan tare kafin gobe."

Na ce, "A'a Malama, a bar shi a gaban kowa. Aikin jama'a ne, ba a ɓoye-ɓoye."

Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. (Matar nan ta miƙo mini igiya ina cikin rami, na ce ta riƙe abinta.)

Washegari na sa shaddata mai ruwan sararin sama, wadda nake ajiyewa don ɗaurin aure. Na je na aro majigi daga ofishin maƙwabta, na share bango, na jera kujeru. Mutum goma sha wani abu suka zauna. Na fara da jawabi a kan muhimmancin sanin wanda ya yi kuskure, ba don a ci mutuncinsa ba, a'a, don ya koyi darasi. Ina faɗar "ya koyi" ina ɗan waiwayar inda Malama take. Na bayyana cewa a da, irin wannan kuskure sai ya ɓace ba a san mai shi ba, amma yanzu, albarkacin gadar da wani bawan Allah ya gina, komai a fili yake.

Na buɗe fayil ɗin jerin dabbobi. Ga su a bango: akuya, raƙumi, saniya, tunkiya. Na ce, "Yanzu zan danna nan, sunan wanda ya taɓa wannan wuri zai fito. Ina roƙo kada kowa ya yi dariya."

Na danna.

Sunana ya fito. Sau huɗu, layi bayan layi, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Wani daga baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Amma bakina bai mutu ba tukuna.

"Wannan 'yar matsala ce ta manhajar kamfanin," na ce. "Da yake lasisin da sunana aka yi rajistarsa, wani lokaci takan liƙa sunana a kan aikin wasu. Kun san kayan Turawan nan da ba a ganin cikinsu."

Alhaji ya juya. "Malama, haka ne?"

"Ranka ya daɗe, ban san cikin tasu ba," ta ce. "Amma Git ba ruwansa da lasisi. Ana iya tambayarsa kai tsaye."

"To a tambaye shi."

Ta taso, ta ce in ɗan matsa. Na matsa. Ta rufe launukana duka, ta buɗe baƙin allon nan a kan kwamfutata, a kan majigin da na aro, ta buga layi ɗaya. Sai ga jerin yadda yake a da, da jan rubutu: saniya, tunkiya, akuya, raƙumi. A ƙasa ga yadda ya koma, da kore. Ta yi bayani a hankali, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Wayoyin ƙauye ba sa aiko suna, lamba suke aikowa, saboda ƙarancin sabis. Ɗaya saniya, biyu tunkiya, uku akuya, huɗu raƙumi. Wani ya zo ya jera sunayen bisa tsarin abacada. Sai ɗaya ta zama akuya, biyu ta zama raƙumi.

Dakta ya ce, "Wane ne wanin?"

Malama ta ɗan matsa da allon sama kawai, inda suna da rana da bayanin mai canjin suke. Da ma a ce suna ne kaɗai, da na ci gaba da jingina wa kamfani. Amma ga bayanin da na rubuta da hannuna. Alhaji ya gyara tabarau, kuma da yake mutum ne mai son komai ya fito fili, sai ya karanta da ƙarfi:

"Na gyara jerin dabbobi da aka zuba kamar an watsa wa kaji dawa. Wasu sai a koma firamare a koyi abacada. Injiniya ya wuce nan."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Lalle ka wuce."

Nan ɗakin ya fashe. Ma'aikacinmu na Birnin Tsaba har da sauka daga kujera. Dakta kaɗai bai yi dariya ba, shi da ya tsaya a gaban mutanen Jangeru da allurar da ba ta da amfani. Ya ce, "Kai nan abacada kake gyarawa, ni can ina ba dattawa haƙuri." Wannan maganar ta fi dariyar zafi.

Ni dai ina tsaye cikin shadda, hasken majigi na dukan rabin fuskata, rabin kalmar "firamare" a kan kafaɗata. Na buɗe baki na ce, "A gaskiya, ta fuskar tsari..." Alhaji ya ɗaga hannu. Na rufe.

Malama ta mayar da jerin yadda yake cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, ta sake fitar da takardar Gurbin Bore. Raƙuma suka koma tumaki. Bayan an watse na lallaɓa wurinta, murya ƙasa-ƙasa, na ba ta haƙuri, sannan na tambaya ko akwai yadda za a goge wancan bayanin daga tarihi.

"Akwai," ta ce. "Amma ba zan yi ba. Kuma akwai wasu goma sha ɗaya irinsa, na karanta su duka tun ranar da ka rubuta. Wannan ne kawai ban lura ya taɓa lambobi ba, sai jiya. Nan nawa laifin yake."

Wato mako uku tana gaishe ni da safe, tana tambayar mutanen gida, alhali ta san na tura ta firamare.

Hukuncin Alhaji bai yi tsanani ba, amma ya zauna daidai. Na farko, duk abin da na rubuta sai Malama ta duba kafin ya shiga. Na biyu, ranar da Dakta zai koma Jangeru, da ni za a je, ni zan riƙe akwatin sanyi, ni kuma zan yi wa mutane bayani. Na je. Na tsaya gaban wani dattijo mai shanu na ce kuskuren na'ura ne. Dakta ya yi gyaran murya. Na ce kuskuren mai na'ura ne. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ba ka san saniya da akuya ba?" Na ce ni ne. Ya kama hannuna ya kai ni gaban wata farar saniya ya ce in duba da kyau, kada in manta. Sannan ya ce a fara allurar.

Gadar tana nan har yau, muna amfani da ita, Malama ma takan danna ta in tana sauri. Ni kuma na koyi baƙin allo, a wurinta, a kan kujerar roba a gefen teburinta. A ofis an daɗe ana kirana Sarkin Raƙuma, kuma na amsa, don ba ni da bakin ƙi.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne. In ka ga abu a karkace kuma yana aiki, tambayi wanda ya ajiye shi kafin ka miƙe shi. In kuma ka ƙera na'urar kama mai laifi, gwada ta kai kaɗai tukuna, ƙofa a rufe, kafin ka jera wa mutane kujeru.