Yadda Za Ka Sauya wa Surukinka Manhajar Kwamfuta Aurenka Bai Mutu Ba

Saurara da kunnen basira. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci kwamfutar surukinka za ta tashi da sabuwar manhajar Linux, kuma tarihin rayuwarsa da ya shekara tara yana bugawa da yatsa biyu ba zai yi ko ƙwarzane ba.

1. Tuna laifinka

Kai ka ce kwamfuta a tafin hannunka take, lokacin kana neman 'yarsa. Tun ranar yake kiranka Injiniya. Baki shi ke yanka wuya, sai ka nannaɗe hannun riga.

2. Kada ka kwafi komai

Matarka za ta miƙo filash ta ce, "Don Allah fara kwashe wa Baba littafinsa." Yi mata murmushin manya. Kwafi na matsorata ne. Ni ban kwafa ba a gidan surukina na farko.

3. Nemo ɓangaren kaya

Zaɓi raba faifan ajiyar kwamfutar da hannu. Za ka ga ɓangare biyu: ƙaramin na manhaja ne, babban shi ke ɗauke da littafin. Babban za ka liƙa wa /home, wato ma'ajiyar fayilolinsa. In ka rikice, yi tagumi ka ce "hmm", za a zaci nazari kake yi.

4. Tsare ɗan akwatin fomat

Kowane ɓangare yana da ɗan akwati, ka danna shi ya share komai tas. Danna na ƙaramin, bar na babban. A nan Baba zai leƙo ta kafaɗarka ya ce, "Injiniya, ka manta wannan," yatsansa na tafe. Riƙe hannun suruki rashin kunya ne. Janye kwamfutar, ka yi tari, ka tambaye shi ya ƙafar nan da sauƙi? Zai yi minti ashirin yana bayani. Wuce gaba.

5. Sa tsohon sunansa na shiga

Harafi ɗaya ka sauya, allo zai buɗe fayau, Baba ya hau salati. Littafin yana nan, amma wa zai tsaya jin bayaninka?

6. Karɓi lada

Komai ya dawo, har fayil ɗin da ya buɗe na ƙarshe. Zai ce, "Madalla, Allah Ya yi albarka! Idona ya gaji, karanta mana wannan da ƙarfi."

Babi na sha huɗu ne: "Yadda Na Haƙura da Zaɓin 'Yata". Shafi sittin. Gyara murya, surukarka ma ta jawo kujera.

Gargaɗi

Babu ruwana da zufa, rawar murya, ko abin da za ka tarar a shafi na uku game da takalmanka. Littafin na ce zai tsira. Ban ce komai a kanka ba.