Gurun Abokin Dokta

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Yaya Ilu baduku a Kasuwar Kurmi ya san Dokta Mamuda, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye alli ya rasa ɗalibai sai ya mai da mu ajinsa. Taubashinmu ne ni da Yaya Ilu, saboda haka yana da lasisin faɗa mana duk abin da ya ga dama. Abin da ya fi ganin dama kuwa shi ne maganar laya.

Yaya Ilu jaka yake ɗinkawa, da gafaka da kube, amma in an kawo masa laya ko kambu ko guru yakan rufe su da jar fata, ya yi musu ɗinkin da ko ruwa ba ya ratsawa. Ba ya rubutu, ba ya tambayar abin da ke ciki. Dokta kuwa da ya ga an miƙo ƙunshi sai ya gyara zama.

"Ga wani kuma ya zo a ɗaure shi da fatar akuya," haka yake cewa, a gaban mai kayan. "Bawan Allah, akuyar nan da fatar take jikinta aka kayar da ita aka yanka. Kai me za ta yi maka?"

Majalisa ta kwashe da dariya, mai kaya ya fita yana zumɓura baki. Abin da ke ba ni haushi shi ne Yaya Ilu bai taɓa ramawa ba. Sai dai ya ɗago kai, ya dubi cikin Dokta, wanda tun bayan ritaya yake ta yin gaba abinsa, ya ce, "Jiki ya yi kyau, Dokta. Allah ya ƙara lafiya." Ya mai da kai ga basillarsa. Ni dai na ɗauka tsabar haƙuri ne.

To, bara yanar ido ta gama rufe wa Yaya Ilu gani. Aikin da ake yi a nan Kano a sallame ka kafin la'asar, amma babban ɗansa ya rantse sai Indiya. Aka sa ni rakiya, aka haɗa mu da Dokta saboda Turanci. Aka yi aiki lafiya a wani asibiti a birnin Udaipur, likita ya ce mu dakata kwana goma kafin mu hau jirgi.

Kwana goman nan Dokta ya ƙwace su ya mai da su darasi. Ya kai mu wata tsohuwar rijiya da ake sauka cikinta ta matakala kamar za a shiga gari, ya kai mu wata ganuwa da ta bi kan duwatsu har ido ya gaji bai ga ƙarshenta ba, Yaya Ilu ya dube ta ya ce Allah ya jiƙan badalar Kano. Ana saura kwana biyu mu taso Dokta ya ce ya ajiye mana babbansu, wani wurin ibada na mabiya addinin Jain da ake kira Ranakpur, can cikin tsaunuka.

Fiye da awa biyu muna mota yana karantarwa, yana cin wani irin alkakin Indiya mai ɗigar zuma da ya saya a hanya. Ginin ya haura shekara ɗari biyar. Ginshiƙi dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, babu biyu masu zane iri ɗaya. Mutanen ba sa cin nama, ba sa kashe ko sauro, malamansu har share gabansu suke yi kafin su taka don kada su murƙushe tururuwa.

"Dokta," na ce, "mu da muke Musulmi, shiga irin wurin nan babu laifi?"

"Kai Hashimu, ibada za ka yi? Kallon aikin hannu za mu. Mai ilimi ba ya tsoron gini."

Muka isa bayan azahar, lokacin da ake barin baƙi su shiga. A bakin ƙofa akwai allo, Dokta ya tsaya yana fassara mana da ƙarfi. Ba a shiga da takalmi. Ba a shiga da abinci. Ya zo layi na uku sai muryarsa ta yi ƙasa kamar rediyon da batir ya ƙare masa.

"Mene ne?" in ji Yaya Ilu.

"Wai... ba a shiga da duk wani abu na fata."

Yaya Ilu ya yi dariya har sai da na tuna masa likita ya hana shi jijjiga ido. Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya zaro zabira, ya fito da gidan tabarau, ya naɗe hannun riga ya kwance kambunsa ba tare da wata kunya ba, ya tara su duka gaban wani dattijo mai fararen kaya da ke kula da takalman mutane. Dattijon ya dubi tulin, ya dubi Yaya Ilu, ya yi murmushi.

"Dokta," in ji Yaya Ilu, "tambaye shi, wadda Allah ya lulluɓe ni da ita fa, ita ma in ajiye?"

Dokta bai tambaya ba. Idonsa na kan mai gadi, wanda ke shafa jikin kowane namiji daga kafaɗa har ƙugu kafin ya wuce. Na ga gumi ya keto masa alhali wurin akwai iska.

"Ni fa na sake tunani," in ji shi. "Akwai gumaka a ciki. Bai kamata Musulmi..."

"A'a, Dokta," in ji Yaya Ilu. "Mai ilimi ba ya tsoron gini."

Sai Dokta ya ja hannuna wai in raka shi kewaye. Muna shan kwana ya riƙe ni da hannu biyu, hannun duk danƙon zuma.

"Hashimu, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Akwai abu a ƙuguna."

"Ciwo?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya ɗaga riga, ya ɗaga singileti. Wallahi sai da na dafa bango. Guru ne, jawur, ya sha jiki har yana ƙyalli, ya zagaye cikin nan kaf.

"Dokta!"

"Rufe bakinka! Tun ranar da 'yan fashi suka tare mu a hanya na daina barci. Surukata ce ta aiko da shi, na ɗaura don kada ranta ya ɓaci."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara tara."

"Ai surukar taka ta shekara shida da rasuwa."

"To, Allah ya jiƙanta, sai in ci amanarta don ba ta nan?" Ya share goshi. "Babu wanda ya sani sai matata, Hajiya Laraba. Ko gyara ya kama, ita take aika shi can Zariya wurin wanda bai san ni ba. Hashimu, in Ilu ya ga abin nan, kafin jirginmu ya sauka Kurmi ta ji. Da wane baki zan sake zama a rumfar nan?"

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai ya ba ni tausayi. Mutum ne da ba shi da gona, ba shi da shago, abin da ya rage masa a duniya shi ne kujerar nan ta rumfar Yaya Ilu da mutanen da ke sauraronsa. Na ce ya kwance. Ya yi bisimilla ya kwance, ya naɗe shi tamau, ya cusa can cikin takalminsa sau-ciki, ya toshe da safa. Ya kai takalmin da kansa ya ajiye a ƙarshen layin takalma, nesa da kayan Yaya Ilu. Mai gadi ya shafa shi bai ji komai ba sai teɓa.

Cikin wurin kuwa, ni ba mai yawan magana a kan gini ba ne, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Farin dutse ne ko'ina, sanyi yana ratsa tafin ƙafa. Ginshiƙai ta kowane ɓangare, kowanne an sassaƙe shi tun daga ƙasa har sama, furanni da giwaye da mutane masu rawa, rufin kuma an yi masa zane siriri kamar aikin wuyan riga. Haske yana shigowa ta inda ba ka gani. Wasu mata suna zaune a gefe suna addu'arsu a hankali, babu wanda ya dame mu.

Yaya Ilu ya cire baƙin tabarau. Ya tsaya gaban ginshiƙi ɗaya ya fi minti goma, hannunsa a baya, yana bin zanen da sabon idonsa.

"Hashimu," ya ce, "wanda ya yi wannan bai yi gaggawa ba. Dubi nan, bayan ginshiƙin, inda ba mai dubawa. Ya gama shi kamar gaban." Ya juyo ya dube ni. "Shekara uku ina ɗinki da lalube. Na gode wa Allah da ya mayar mini da ido na ga wannan."

Ni ma sai da na ji ƙwalla. Na waiwaya in ga ko Dokta zai kawo tarihi, sai na gan shi can ya rakuɓe, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Malamin da ya cika mana kunne a mota ko tari ya kasa. Tantabara ta tashi fir daga saman rufi, ya zabura har hularsa ta karkace.

"Ilu, mu tafi haka. Duk iri ɗaya ne."

"Kai ka ce babu biyu masu kama. Yanzu nake kan na goma sha ɗaya."

Sai da muka yi awa biyu cur. Da muka fito Dokta ne a gaba, yana sauri kamar an kira salla. Na ga ya doshi ƙarshen layi, na ce a raina shi ke nan, ya sha. Ashe tsautsayi yana can yana jiransa a cikin takalmi.

Zumar nan ta hannunsa ce. Tururuwa sun ji labari, sun yi layi tun daga gindin wata bishiya, sun hau takalmin Dokta, suna shiga suna fita. Dattijon nan mai fararen kaya yana tsugune a gefe yana gadinsu. Dokta ya kai hannu, dattijo ya tare shi da tafin hannu, cikin ladabi, yana murmushi, yana nuna masa tururuwan. Dokta ya yi Turanci, ya ƙara Turanci, ya ce ba komai, zai kakkaɓe da kansa a mota. Dattijo ya girgiza kai. Ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a ƙasa, ya ɗauki takalmin da hannu biyu kamar ƙwai, ya zare safar a hankali, ya kifa.

Tururuwa suka zubo. Guru ya biyo bayansu, ya faɗo tim, ya warware kansa a kan farin ƙyallen nan, tsawonsa ya kusa kamu uku.

Dattijon bai ma san abin da ya aikata ba. Ya ɗauko wata 'yar tsintsiya mai laushi yana share tururuwan ɗaya bayan ɗaya daga jikin gurun, sannan ya ɗaga shi sama da hannu biyu ya miƙa wa Dokta, har da ɗan sunkuyawa. Wasu Turawa biyu suka matso suna kallo. Ni kuwa na dubi sama, na dubi ƙasa, na rasa inda zan sa idona.

Yaya Ilu yana tsaye a bayanmu yana ɗaura kambunsa. Ya matso a hankali, ya sunkuya, ya ƙura wa gurun ido. 

Dokta ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta aji.

"Kada ka yi wani tunani, Ilu. Ba nawa ba ne. Na wani abokina ne, ajiya ya ba ni."

Yaya Ilu ya karɓi gurun, ya juya shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa, wuri huɗu inda jar fatar ta ɗan bambanta. Ya miƙa masa.

"Na sani, Dokta. Ka gaishe mini da shi. Bawan Allah, duk sanda ka ƙara ƙiba sai Hajiya Laraba ta kawo mini in ƙara masa tsawo."