Injin da Rago Ya Kunna

"…da gajiyar zama, Angona? Ko kujerar ce ta gaji da kai?"

"Lafiya lau, Amarya. Ke ce dai kika rame. Yaron da ke cika bakin zai ƙwace mini ke, ashe ko ciyarwa bai iya ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su, 'yata da kakanta, mahaifina, suna wasan jika da kaka. Ɗakin ƙarami ne, a bayan wurinmu na ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji. A ciki saba take, wato babbar kwamfutar da ke ajiye hotunan marasa lafiya tana tura wa likitoci. Ɗana ne ya haɗa ta, shi ya kunna ta da hannunsa. Ko wuta ta ɗauke batura na riƙe da ita, don haka ba ta taɓa mutuwa ba har ya rasu, har zuwa yau. Tun daga nan mahaifina ya kawo kujerarsa ɗakin, ya rataya mabuɗin a wuya, kullum yana goge mata ƙura. Yanzu hotuna sun yi yawa. Likita na jira, mara lafiya na kwance, hoto bai iso ba. Shi ya sa na kira 'yata, ƙanwar marigayin, wadda ita ma aikin ta karanta.

Ta zauna ta fara danne-danne. Baba ya leƙo ta kafaɗarta.

"Me kike yi wa injin mutane?"

"Ka ga inda wayar nan ta shiga? Katin sadarwa ke nan. Ya iya yanka hoto gunduwa-gunduwa, ya duba ko wani abu ya lalace a hanya, ya tura. Amma Yaya ya hana shi, ya ɗora wa ƙwaƙwalwar injin komai. Ita ke ajiya, ita ke yanka, ita ke dako. Shi kuwa katin yana zaune ya miƙe ƙafa, kamar wani tsoho da na sani."

"Ni? Ni da na ɗauki injin niƙa a ka na haye kogi?"

"Bara keken ɗinki ka ce."

"To ai injin yana kan keken."

"Kogin kuma kwata ce."

"Uwarki na nan, tambaye ta." Bai ko waiwayo ni ba. "To me ya sa Rago ya hana katin aiki? Ya ga ɗan'uwansa ne ya tausaya masa?"

Rago yake kiran ɗana tun yana rarrafe. Na daɗe ban ji sunan a bakinsa ba.

"A lokacin manhajar katin tana ɓata hotuna," in ji ta. "Daidai Yaya ya yi. Yanzu an gyara. Na sa sabuwar, na mayar wa katin aikinsa. Saura a kashe injin a sake kunnawa."

Baba ya damƙe mabuɗin da ke wuyansa.

"A kashe? Na sake ki."

"Ko jiya ta waya ka sake ni. Wa zai kwashe ka in ba ni ba? Haƙori biyu, ɗaya na lilo."

"Ɗayan ya ishe ni in ciji mai taɓa injin nan. 'Yan mata layi suke yi a ƙofata."

"Layin karɓar sakamako ne, Angona. Kai ka tsare su. Akwai wata baiwar Allah a waje da ɗanta, hannunsa a karye, tun safe suke jiran hoto."

Baba ya juya ya kalli injin. Babu abin da ake ji sai fankar injin.

"Shi ya kunna ta," ya ce a hankali. "In na zauna nan ina jin ƙarar, sai in ga kamar fita ya yi zai dawo. Kin san ban taɓa ce masa ya iya aiki ba? Kullum Rago, Rago. Ina cewa akwai lokaci."

'Yata ta ɗauke ido daga allon kwamfutar ta dube shi.

"Da ka yabe shi, da asibiti zai kai ka, ya ce tsoho ya fara ruɗewa. Kuma ba taɓa aikinsa zan yi ba. Kayan da ya bari a kan injin zan sauke."

"In ta ƙi tashi fa?"

"Sai ka ɗauke ta a ka, ka haye kogi da ita."

Dariya ta kuɓuce masa, ya share ido da gefen hannun riga. Sai a lokacin ya juyo gare ni. Na gyaɗa kai.

"Matsa," ya ce mata. "Ba hannun sakakkiya ne zai kashe ta ba. Ina ake dannawa?"

Ta nuna masa. Ya yi bisimilla ya danna. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ban san ni ma da ƙarar nan nake rayuwa ba sai da ta ɗauke.

"Allah ya jiƙan Rago," in ji Baba. "Ya iya aiki."

Muka ce amin. Ya sake dannawa. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta dawo. Jim kaɗan aka ƙwala kira daga ɗakin likita, wai hoton hannun ya iso.

Baba ya cire mabuɗin daga wuyansa ya saka mata a tafin hannu.

"Na mayar da ke. Ga sadaki."

"Mabuɗi? Kai dai marowaci ne."

"Haɗa da kujerar," ya ce, ya dafa kafaɗata muka fita.