Basillar Zubair da Waken Iya

"Lafiya lau, angon ƙwari. Ya amaren naka, sun tashi lafiya?"

Zubair bai gama durƙusawa ba kakarsa Iya Safiyatu ta tare shi da wannan. Tana zaune a gindin rumbu, buhu a jingine a gabanta. Zubair ne ya kawo shi bara bayan girbi daga wani taron manoma a Ɗanbatta: buhu mai leda biyu a ciki, in an toshe iska ƙwaro ba ya rayuwa, ba sai an zuba magani ba. Da daɗin baki ya raba ta da irin waken da marigayi mijinta Malam Shago ya bari, ya zuba a ciki. Ga gero ya kai gwiwa, gobe za a shuka wake.

"Tsohuwa, ni amarya ɗaya gare ni, ita ma haƙoranta sun yi ritaya."

"Uku sun rage, kuma babu mai rami a ciki. Sa hannu ka gaisa da baƙinka."

Ya sa. Gari ya damƙo mai ɗumi, ƙwari na bin yatsunsa.

"Wallahi buɗewa kika yi! Kwaɗayin ƙosai ne ya kai ki."

"Da wane ƙarfin? Ɗinkin da ka yi masa sai da na aro wuƙar Basiru mahauci yau da safe."

"To buhun ne jabu."

"Jabu dai yana durƙushe a gabana. Ramlat matar ladan ma ta karɓo irin buhun nan, ko firamare ba ta gama ba. Ta murɗe bakin leda ta ɗaure da igiya. Jiya ta kwance, wake fes, kamar yau aka sussuka. Kai mai difloma, ya ka yi da naka?"

"Ɗinkewa na yi."

"Da me?"

"Basilla."

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Basilla, Iya! Haka ake wa kowane buhu a kasuwa!"

"Layi nawa?"

"Biyu. Don ya yi ƙarko."

"Madalla! Ka ce mini iska ce ransu, sannan ka zauna ka huda musu taga ɗari. Ko gidan attajiri bai kai haka shan iska ba."

Gaskiyar magana, Zubair bai tsaya ƙarshen taron ba. Ana raba buhuna ya karɓi nasa ya hau babur, wai me za a koya wa mai difloma a kan rufe buhu. Wannan kam ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa mata ba.

"Ai ke ma da laifinki. Kina kallo ina ɗinki, har zare kika miƙo mini."

"Na ɗauka boko ne. Ashe wauta ce ta sa wando."

Ya sake duban buhun. Wannan waken shi kakansa ya fara damƙa masa a hannu ranar da ya koya masa shuka, kuma duk ƙauyen babu mai irinsa. Ya dubi garin da ke tafinsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

"Iya, na kashe irin Malam."

Ta bar shi ya daɗe a haka, da gangan. Sannan ta nuna ɗakinta da sanda.

"Ƙarƙashin gado akwai tulu. Ɗauko, kar ka ɗinke shi a hanya."

Ya kawo. Ta ɓamɓare taɓon da ta liƙe bakin da shi, ta tone toka da hannu. Farin wake ya bayyana, lafiyayye, ya kai kwano biyu.

"Ashe ba ki yarda da ni ba!"

"Na yarda da buhun. Kai ne na raina tun kana tsumma."

Zubair ya yi dariya har da hawaye. "Na sallama, amarya. Bana a toka za mu zuba."

"A'a. Buhun nan abin kirki ne, bana ma shi za ka kawo. Toka ta fara fin ƙarfin ƙirjina."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro igiyar rama da ta tuƙa da kanta, ta sa masa a hannu.

"Ga taka. Basillar kuma ka kawo mini ita kafin azahar."