Rasuwar Littafin Bayani na Matan Fadamar Tama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da garka mai cike da ƙishi, Sa'ida Halidu, sakatariyar ƙungiyar mata masu noman albasa a fadamar Tama, tana sanar da ƴan'uwa na kusa da na nesa rasuwar abin ƙaunarta, Littafin Bayani, mai shafi ɗari da goma sha huɗu. An tarar da shi ranar Talata da hantsi a kan kantar magazen ƙungiya, wato ɗakin ajiyarta, bayan doguwar jinya a hannun gara.

Ga waɗanda ba su san marigayi ba, ƴan furoje, masu aikin tallafa wa manoma, su ne suka kawo shi bara waccan, tare da famfo mai aiki da hasken rana. Mata ashirin da uku, famfo ɗaya, kun ga dole a yi layi. Sai aka sa musu manhaja a salula, mai adana tsarin ban-ruwa, sabo da tsoho, da sunan wadda ta canja, da ranar da ta canja. Mata suka raɗa mata suna Rumbu. Mai shiga Rumbu ya yi gyara kuwa shi ne Wakili, basirar na'ura ce, mai ladabi, ba ya ɗaga ƙafa sai Sa'ida ta buɗe Littafi ta haska masa shafi ya karanta.

Marigayi mai kunya ne. Bai taɓa kallon mutum ido cikin ido ya ba shi amsa ba. In an tambaye shi, sai ya ce, "Duba shafi na arba'in." In aka je shafi na arba'in, sai ya ce, "Kamar yadda aka yi bayani a baya." Ga riƙon zumunci: har ya rasu yana ɗauke da hotunan maɓallan da aka cire daga manhaja tun kafin ya iso Tama. Shafi talatin na farko kuwa godiya ce zalla ga waɗanda suka rubuta shi.

Sa'ida ta so shi, ƴaƴana. Ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, ba ta yarda a taɓa shi da hannun miya. Ranar da tsohuwa Biba, mai garkar ƙarshe, ta ce mata, "Ke Sa'ida, littafin nan naki ƙosasshen rago ne, ga jiki ba aiki," kwana uku ta yi tana gaishe ta a taƙaice.

Ciwon ajali ya bayyana ne bayan bikin sunan jikar Fatiha, ɗaya daga cikin matan ƙungiya. An yi musayar ranaku saboda hidima, da aka gama sai Sa'ida ta ce wa Wakili ya mayar da tsarin makon jiya. Ta buɗe masa babin komawa baya. Layi ɗaya ne a ciki: "Za a rubuta nan gaba."

Wakili ya ce, "Inna, Littafi bai faɗa ba. A shafi na sittin akwai wani umarni wai shi tsaftacewa, amma bai ce mi yake sharewa ba. Ko a tambayi wani?"

Ta ce, "Wa za a tambaya bayan Littafi? Tsafta ai ba ta ɓata abu. Yi."

Ya yi. Rumbu ya fito tas, ko ƙwaya ba ta saura ba. Washegari mata bakwai suka haɗu a bakin famfo, kowace tana rantsuwa ranarta ce. Biba ba ta da ƙarfin turereniya. Irin albasarta saura kwana takwas a dasa, yau kwanansa huɗu bai ga ruwa ba, ya fara sunkuyar da kai.

Sa'ida ta ruga neman magani a shafukan baya, waɗanda ba ta taɓa buɗewa ba don girmamawa. Tana ɗaga rigar atamfa sai gari ya zubo mata a zane. Ashe gara ta daɗe a ciki. Ita kaɗai ce a duk ƙasar Adar ta bi shi daga ƙarshe har kusa da farko, kuma ba a ga alamar ta ƙaru da komai ba.

Marigayi ya bar Sa'ida, da Rumbu wayam, da bango biyu, da Wakili, wanda yanzu ko sannu za ya ce sai ya tambaya sau uku. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da safe, gindin darbejiyar famfo. Shafukan godiya da suka tsira za a miƙa su ga Balkisu mai ƙosai, don marigayi ya samu ladan amfanar jama'a ko sau ɗaya. Kowace mace ta zo da ranar ruwanta a ka, da maƙwabta biyu masu shaida, kada a ƙara ko awa guda. Sa'ida za ta rubuta sabon bayani a kaye, littafin rubutu na ƴan makaranta, da hannunta, ta karanta wa Biba da Wakili layi layi. Duk layin da ɗayansu ya ce "mi?", a soke shi. Layin farko ta riga ta rubuta: kafin a share komai, a faɗi abin da za ya ɓace.

Ta'aziyya kuwa ba a gidan Sa'ida za a karɓe ta ba. A garkar Biba ne, kuma kowa ta zo da bokitinta cike.