Tabar Mijin Madam Lim

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fizge wa wata tsohuwa 'yar Sin ledarta a gaban jama'a ba, ni da furfurata, da carbi a hannuna. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Autata Hauwa ce ke rubutawa ina faɗa mata. (Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara ni. Ga shi tun yanzu ta fara dariya.)

Shekara guda bayan rasuwar mijina Malam ta ɗauko ni daga Kano ta kawo ni Kuala Lumpur, wai zaman kaɗaici zai illata ni. Likita ce, gwamnati ta turo ta ƙaro karatu, kuma bincikenta a kan 'yan Sin ne masu ciwon suga. Tana duba jijiyoyin jinin ƙafafunsu, tana tambayarsu ko suna shan taba. Ranar da ta fara yi mini bayani sai da na tashi na bar mata falon. Ta ce suga yana lalata jijiyar jini, taba kuma tana ƙara matse ta, in suka haɗu a jiki ɗaya sai hanya ta toshe, jini ya kasa isa ƙafa ko zuciya. To wa take gaya wa? Malam ya shekara arba'in yana busa taba, goma sha biyu daga ciki da suga a jikinsa. Yatsa aka fara yankewa, sannan ƙafar daga gwiwa, sannan ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yau in aka ƙyasta ashana kusa da ni sai na share ido.

Kuma ko sau ɗaya ban ce masa ya daina ba. Yadda aka tarbiyyantar da mu ke nan. Ni ce ma nake ajiye masa ashanar a saman kwaba don kada ta yi sanyi da damina.

A unguwar Titiwangsa muke zaune, kusa da tafki. Hauwa ta dage kullum da safe sai na zaga shi da ƙafa, a can na fara ganin Madam Lim da mijinta, mutanen benen da ke kallon namu. Ita gajera ce, gashinta a aske kamar na namiji. Shi kuwa dogo ne mai sanda, mai suga irin Malam. Daga ƙofa har bakin ruwa faɗa take yi masa. Ta laluba aljihunsa na dama, ta laluba na hagu. In sun zauna a benci sai ta cire masa takalmi, ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafarsa tana jin bugun jini, ta buɗa tsakanin yatsun ta duba. Shi ko a jikinsa, jaridarsa yake karantawa.

Wata rana Hauwa ta tsaya suka yi hira da Turanci, ta dawo tana murmushi.

"Inna, kin san shekara shida ke nan da ta raba shi da taba? Daga hawa na goma sha huɗu ta watso masa kwalayen. Har mai kanti ta je ta ja wa kunne. Kin ga mace!"

Kin ga mace. (Ke kika faɗa, Hauwa, kada ki ce ba ki tuna ba.) Ba ta nufi komai ba, amma ni abin da na ji shi ne: ga wadda ta riƙe nata, ga wadda ta saki.

Daga ranar kishin matar nan ya kama ni. Ba mijin nake so ba, me zan yi da tsohon da ke cin shinkafa da tsinke biyu? Ita tana da wanda za ta yi wa faɗa, ni kuwa filo biyu da kai ɗaya. Abin haushin, mutuniyar kirki ce. Kullum ta gan ni sai ta ɗaga hannu ta ce, "Sudah makan?" wato ko na ci abinci. Ni kuma sai in ga kamar gori take yi mini. Ta taɓa kawo mini lemo cikin jar leda, na miƙa wa mai gadi tun kafin ta gama juyawa. Na riƙa cewa a raina ai ba tarbiyya ba ce mace ta riƙa caje miji kamar ɗan sanda. A ƙarshe na ce wa Hauwa gwiwata ke ciwo, na daina fita. Kusan wata biyu ina kulle a sama, lafiyata ƙalau, ina shafa man zafi don a yarda.

Wata Asabar da hantsi Hauwa ta ce ko da gwiwar sai mun je sayen kifi. Na riga ta sauka, ita tana baya tana kiran mota a waya. A bakin get na tarar da Maman Sadik da wasu matan ɗalibai 'yan gida su uku, muka tsaya gaisawa. Sai ga Madam Lim ta fito ita kaɗai, rungume da ƙatuwar leda mai shara-shara. Me zan gani a ciki? Taba. Ba kara ɗaya ba, ba kwali ɗaya ba, dogayen kwalaye biyu, ja da ruwan zinari.

Bari in faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa. Abin da na fara ji daɗi ne. Zuciyata ta yi fari tas. Ashe ke ma! Ashe duk cajen aljihun nan na idon mutane ne! Bayan daɗin ne na tuna ƙafar Malam, sai na ce wa kaina ai ceton rai zan yi.

Gwiwar da ta yi wata biyu tana ciwo ita ta kai ni gabanta da gudu. Na fizge ledar. Kalmar mutanen nan ɗaya na riƙe, "boleh", wato an yarda, sai na sa ta a tsakiyar Hausa.

"Ba boleh ba! Ba boleh ba! Kashe shi za ki yi? Ni na binne nawa! Ki tambaye ni, ni na san ƙarshen abin nan!"

Ina faɗa ina sara gwiwata da gefen hannu don ta gane yanka nake nufi. Na zaro kwali ɗaya na maka da ƙasa, na taka shi da ƙarfina duka.

Sai ya lotse fakal. Babu komai a ciki.

Ledar ta yage, kaya suka zubo: riga, agogo, waya, takalmi ƙafa biyu. Iska ta ɗan taso sai ga rigar tana tafiya da kanta. Duk na takarda ne. Masu gadi biyu sun taho, mota ta tsaya, Maman Sadik ta toshe baki da mayafi.

"Inna! Inna lillahi! Me kika yi?" Hauwa ce ta iso tana haki. "Mijin nata fa ya rasu!"

"Wane mijin?"

"Nawa take da su, Inna? Jijiyar zuciyarsa ce ta toshe. Na ɓoye miki ne don kada ki tuna Baba ki yi ta kuka."

Ta yi tambaya, aka ce ranar ce kwana arba'in da tara da rasuwarsa. Su al'adarsu, sai su sayi kayan takarda su ƙona, wai su isa ga mamacin. Ni addinina bai ce haka ba, amma na san mace mai kai wa mijinta abu in na gan ta. Na tsaya da ƙafata a kan tabar mamaci, na rasa ko in ɗaga ko in bari.

Madam Lim ce ta durƙusa ta ɗan taɓa idon sawuna, na janye. Ta ɗauki kwalin tana miƙar da shi a kan cinyarta. Ta yi magana a hankali, Hauwa ta fassara:

"Ta ce shekara shida ta hana shi, kullum yana roƙo. Yanzu ba shi da suga, ba shi da jijiya. Ya sha abinsa."

Na fashe da kuka a tsakiyar titi, irin mai sautin nan. Na ce a gaya mata zan saya mata wani. (Ku dubi Hajiya guda a shagon kayan matattu tana nuna taba da yatsa.) Ta girgiza kai, har da 'yar dariya.

"Ta ce ki bar shi. Ya saba. Duk wadda ta kama a aljihunsa haka take yi mata."

Sannan ta sara gwiwarta yadda na yi, tana tambaya da ido. Hauwa ta ba ta labarin Malam. Ta daɗe tana kallona, ta tattara rigar da agogon, ta miƙo mini takalman takardar in riƙe mata. Haka na raka ta har bakin gangar ƙarfen da suke ƙona kayan a ciki a bayan benensu, na tsaya daga nesa ina yi wa nawa addu'a.

Yau duk matan ɗaliban Titiwangsa Hajiya Ba-Boleh suke ce mini, har waɗanda suka zo bana. Na haƙura, ni na jawo.

Kishin dai bai tafi duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Shekara shidan nan da ta ƙwato da bakinta har gobe suna tsaya mini a wuya, ina neman gafarar Allah. Abin da na koya kaɗan ne. Duk ranar da na kama wani da laifi na ji raina ya yi daɗi tun kafin in ji tausayi, to in nemi wuri in zauna, don ba wa'azi ne ya taso mini ba. In kuma har sai na fizgi ledar mutane, in ɗan jinjina ta tukuna in ji nauyinta.