Farar Takarda Kan Ganuwar Tafki

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, akwai tafkin da kakannin dabbobi suka tare da ganuwar laka, ana shan ruwansa rani da damina. A bisa ganuwar kasuwa ke ci. A ƙarƙashinta kuma akwai wata unguwa da ake kira Gangare, inda ƙananan dabbobi ke zaune, su gafiya da bushiya da kurege. 'Yan Gangare ba su da kujera a majalisar daji, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin magana.

Tasalla gafiya ce, a Gangare aka haife ta, a haƙa kuma ta tsufa. Wata rana tana faɗaɗa rumbunta a gindin ganuwar, sai ta ji ƙasa da danshi a inda ya kamata ta tarar da ita ƙeƙasasshiya. Ta yi kwana arba'in tana shiga tana fita, tana awo, har ta gano abubuwa uku. Giwaye sun mai da ɓangaren gabas hanyar shan ruwa, nauyinsu ya tsaga laka daga ciki. 'Yan kasuwa sun kakkafa turakun rumfuna a saman ganuwar, ruwa na bin kowane turke yana sauka. Magina kuma sun daɗe suna toshe ɓaraka da yashi, don ya fi laka sauƙin ɗauka. Idan ba a gyara ukun ba kafin ruwan sama mai ƙarfi na uku, ganuwar za ta fashe a kan Gangare.

To, majalisar dajin ba ta aiki da maganar baki. Duk mai matsala sai ya rubuta ta a kan farin ɓawon rimi, wanda suke kira farar takarda, ya miƙa wa magatakarda ya daidaita ta, sannan a kai gaban manya. Tasalla ta zauna ta rubuta ɓawo sittin. Ta fara da tarihin kakanni, ta bi da ire-iren laka, ta jera awonta kamu da taki, ba ta bar komai ba. Maganar fashewa ba ta fito ba sai a ɓawo na hamsin da takwas. Haka masana suke, sai sun zaga da kai duk inda suka bi kafin su gaya maka gidanka na cin wuta.

Magatakardan wani burtu ne mai suna Cindo, mai tafiya a hankali, mai magana a hankali. Shugabanni huɗu ya yi wa aiki, ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Ya karanta ɓawon nan sittin tsaf, ya ajiye, ya ce, "Inna Tasalla, sannu da aiki. Amma wa kika rubuta wa? Shugaba Barmo toron giwa ne, ba ya wuce ɓawo ɗaya, kafin ya kai na biyu hankalinsa ya koma kan abinci. Jatau sarkin kasuwa ba ruwansa da ire-iren laka, shi dai ya ji ko kasuwa za ta ci baɗi. Nomau da maginansa kuwa, ki ba su awo ki bar musu tarihi. Kowa da kunnen da yake ji da shi. Kin rubuta wa kanki ne, Inna, ke kuma kin riga kin sani."

Tasalla ta sunkuyar da kai, don ta san gaskiya ya faɗa. Abin da ke ba ni takaici ke nan a labarin, Cindo ya san aikinsa. Ta ce, "Malam Cindo, na bar maka. Ka yi yadda za su ji. Ni dai a gyara kafin ruwa."

Cindo ya fitar da takarda uku, kowacce kamar a wanke hannu kafin a taɓa. Ta manya ɓawo ɗaya ce, da hatsarin a layin farko. Ta 'yan kasuwa ta nuna musu yadda za su wayi gari ba ruwa ba masu saye. Ta magina ta cika da awo, ba kalma ɗaya ta banza. Sai dai da ya zo kan ta Barmo, ya tsaya ya yi tunani, ya ga ba ladabi ba ne a ce wa shugaba ƙafarka ce, don haka ya bar turaku da yashi, ya cire hanyar giwaye. A ta Jatau ya bar giwaye da yashi, ya cire turaku. A ta Nomau ya bar giwaye da turaku, ya cire yashi.

Ranar zama, majalisa ta cika a gindin tsamiya. Su kuma suna da wata al'ada da suke alfahari da ita: ba a kama sunan kowa da laifi a bainar jama'a.

Barmo ya fara. Ya ce, "Jama'a, shekarata goma sha biyu a kujerar nan, ban taɓa karanta takardar da ta shiga raina kamar wannan ba. Ta faɗi gaskiya ba tsoro. Ganuwar kakanninmu na cikin hatsari, kuma an nuna mana daga ina hatsarin yake. Ba zan kama suna ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, ina fata za su yi abin da ya dace tun da wuri." Ya ɗan dubi wajen 'yan kasuwa, ya ɗan dubi wajen magina.

Jatau, wani gwaggon biri mai furfura, ya miƙe. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Shugaba. Mu 'yan kasuwa mun daɗe muna ganin wannan abu, kunya ce ta hana mu magana. Yau an faɗa mana shi a rubuce. Muna goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma za mu yi haƙuri mu ba waɗanda abin ya shafa lokaci."

Nomau, gadu ne mai kaushin murya, bai iya doguwar magana ba. Ya ce, "Awon daidai ne, na duba. Ranar da aka daina ɓata mana aiki daga sama, ku kira mu."

Aka amince baki ɗaya. Tasalla na zaune a bayan fage tana jira ta ji wani ya ce ni zan yi kaza, ba ta ji ba. Ta lallaɓa ta leƙa takardar da ke gaban Jatau, ta leƙa ta Nomau, ta ga a kowacce an cire laifin mai ita. Ta fito tsakiyar fili, ƙaramar halitta a gaban ƙafafun giwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, zan karya al'ada. Giwayenka ne suka tsaga gabas, sai sun sake hanya. Sarkin Kasuwa, turakunku ne ke shigar da ruwa, sai an tumɓuke su. Sarkin Magina, yashin da kuke zubawa ba ya riƙe komai, sai kun kwashe kun sa laka. Ku ukun ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba. An yi ruwa na farko shekaranjiya. Saura biyu. Ni a ƙarƙashin ganuwar nan nake kwana, ni da 'ya'yana da maƙwabtana, ina roƙonku don Allah."

Kowanne cikin ukun ya duba takardarsa, bai ga kansa a ciki ba. Kowanne ya yarda da kashi biyu na maganarta, ya ɗauki na ukun ruɗewar tsufa.

Barmo ya ce, cikin sanyin murya, "Tasalla, mun ji, kuma mun yi miki uzuri. Amma ke ma kin san majalisa ba ta aiki da baki. Abin da ke rubuce mun karɓa. In kina da ƙari, ki rubuta ki kai wa magatakarda."

Ta tare Cindo a hanya. Ta ce, "Malam, me ka yi mini?"

Ya ce, "Inna, ki nuna mini ƙarya ɗaya a ciki. Babu. Da na bar wa Shugaba nasa laifin, da ya yar da ita tun a layi na biyu. Yanzu ya karanta, ya yaba, sunanki yana bakin kowa. Takarda nawa kika sani da ta samu haka?"

A nan ne ta tuna da abin da ita da shi duk suka manta: an rubuta wa manya, an rubuta wa 'yan kasuwa, an rubuta wa magina, ba a rubuta ko layi ɗaya ba don waɗanda ruwan zai sauka a kansu.

Ta ruga Gangare, ta bi gida gida tana cewa a tashi a koma tudu. Wasu suka bi ta. Da yawa kuwa labarin majalisa ya riga ta isa wurinsu. Ta shiga wurin Delu, wata tsohuwar bushiya da ta riƙe ta tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifiyarta.

Ta ce, "Yaya Delu, ki tashi mu tafi. Ni zan ɗauki kayanki."

Delu ta yi murmushi. Ta ce, "Ke Tasalla, ba ke kika rubuta ba? An ce da manya da 'yan kasuwa da magina duk sun amince, ba wanda ya ja. Tun da nake ban taɓa jin haka ba. Kin fitar da mu kunya, 'yar nan. Yanzu kuma ki ce in bar ɗakina, in nuna wa duniya ban yarda da aikinki ba?"

"Yaya, ba wanda zai gyara. Kowa jiran wani yake."

"Haba, manya guda uku? Je ki huta, kin gaji ne."

Sau huɗu Tasalla tana komawa, har da kuka. Delu na share mata hawaye tana sa mata albarka.

Ruwa na biyu ya zo ya wuce. Giwaye na bin hanyarsu, suna mamakin taurin kan 'yan kasuwa. Na uku ya sauko da hantsi, ranar da ba ta kasuwa ba. Kafin azahar ganuwar ta buɗe ta gabas. Tasalla na kan tudu da 'ya'yanta da gida goma sha ɗaya da suka bi ta, suna kallo, har rufin ɗakin Delu ya ɓace, ita tana ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Bayan kwana bakwai majalisa ta zauna. Aka yi addu'a, aka jajanta wa juna. Barmo ya tunatar da jama'a cewa takardar ta faɗi ranar, ta faɗi wurin, ba ta kuskure ko kaɗan ba, kuma abin alfahari ne daji ya mallaki irin wannan basira. Aka ƙara wa Cindo girma. Aka aika a kira Tasalla a yi mata godiya, ɗan aike ya tarar ta kwashe 'ya'yanta ta bar dajin.

Har yau, idan ana koya wa sababbin magatakarda rubutun farar takarda a dajin, da takardun nan uku na Cindo ake ba su misali, domin ba a taɓa yin waɗanda suka gamsar da kowa kamarsu ba. Ko Delu ba a ji ta yi ƙorafi ba.